Tsiron dawa: zagayen masu haɗa abin sha a Birnin Shehu

Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ba sai an yi masa bayanin ƙishirwa ba. Tun hantsi rana take buɗe ido, kafin azahar ma'aunin zafi ya haura 40, iskar da ke tasowa daga wajen Gulbin Rima ta zo da ɗumi maimakon sanyi. A irin wannan lokaci babu sana'ar da ta kai ta masu jiƙa maƙoshi kasuwa. Daga bakin Babbar Kasuwa zuwa Kasuwar Kara, daga Ƙofar Atiku zuwa Runjin Sambo, Mabera da Arkilla, ko'ina ka juya yara ne da bokitai da kuloli, 'yan mata da robobin kunun zaƙi da zoɓo da lamurje, matan Fulani da ƙoren nono a inuwar dogon yaro. Mutum ya tsaya, ya miƙa kuɗi, ya kwankwaɗa, ya wuce. Da wuya ka ga wanda ya tambayi inda aka haɗa abin da ya sha, ko wace ce ta kwana tana aikinsa.

A wasu ƙasashe wannan tambaya ita ce ta zama hanyar yawon buɗe ido. A Dublin, babban birnin Ailan, kamfanin giya na Guinness da Arthur Guinness ya kafa a 1759 ya mai da wani tsohon gininsa gidan kallo tun shekarar 2000, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya ke biyan kuɗi duk shekara su shiga su ga yadda ake sarrafa sha'ir. A Jamus suna alfahari da dokar 1516 da ta ƙayyade abin da za a zuba a tukunyar giya. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya. Akwai masu sha'awar abin da ke bin masana'antu ɗaya bayan ɗaya, suna shinshina hatsi, suna leƙa tukwane, suna rubuta abin da suka gani.

Sakkwato ba ta da irin wannan masana'anta, mutanenta kuma ba sa neman ta. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance a Hubbare, matsayinsa a kan giya ba ɓoyayye ba ne. Amma duk wanda ya karanta yadda waɗancan masana'antu ke aiki, sannan ya shiga gidan mai kunun zaƙi, zai ga wani abu da ya kamata mu daɗe da lura da shi: rabin farko na aikin iri ɗaya ne. Ilimin da Turawa suka gina wa gidajen kallo yana nan a tsakar gidajenmu, a hannun mata, cikin halal, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Daga kasuwar hatsi zuwa tsakar gida

Zagayen daga wurin 'yan hatsi yake farawa. Ƙasar Sakkwato ƙasar gero ce, musamman ta arewa wajen Gwadabawa, Illela, Gada da Tangaza. Dawa ta fi yawa idan aka gangara kudu, wajen Tambuwal, Kebbe da Tureta, har zuwa Zamfara da Kabi. Mai kunu ba ta auna hatsi da ido kawai. Takan ɗebi ƙwaya ta ciza, ta duba ko ƙwari sun huda ta, ta shinshina ko an zuba mata maganin ajiya. Dalilinta mai ƙarfi ne: hatsin da za a yi tsiro da shi sai mai rai. Wanda ya shekara biyu a rumbu, ko wanda zafi ya dafa a cikin buhu, ko an jiƙa shi ba zai fito ba. Idan ciniki ya yi tsauri za ka ji irin muryar garin: "Haba Alhaji, wagga dawa ta bara ta, rage mani." Shi kuma ya rantse ta bana ce, ya ƙara mata gyara.

A gida ake yin tsiron. Ana jiƙa dawa ko shinkafa mai ɓawo ta kwana, a tsane ta, a baza a kan buhu a wani lungu mai inuwa, a rufe da wani jiƙaƙƙen buhun. Safe da yamma ana yayyafa ruwa. Cikin kwana uku zuwa huɗu sai ƙwayar ta fasa, farin saiwa ya fito ya sarƙe da na kusa da shi, idan ka tura hannu ƙarƙashin buhun ka ji ɗumi, wani ƙamshi mai ɗan zaƙi ya daki hancinka. Nan mai aikin take tsayar da shi. Idan ta bari ya wuce, tsiron zai cinye abincin da ke cikin ƙwayar, ya bar mata dusa. Sai ta shanya a rana ya bushe ƙarau, ta murje shi tsakanin tafin hannu, ta sheƙe saiwar da ganyen. Wannan murjewa ba ado ba ce. Sabon tohon dawa yana ɗauke da guba, abin da kowane makiyayi ya sani, shi ya sa ba a barin dabba ta faɗa wa gyauron dawa. Matan ba su shiga ajin kimiyya ba, amma sun gaji matakin da ke kawar da haɗarin.

Ranar dama kunu, ana markaɗa jiƙaƙƙen gero ko dawa da citta da kanumfari, wasu su ƙara busasshen dankalin Hausa. Sai a raba ƙullun biyu. Kaso mai yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa, a juya da muciya har ya yi kauri kamar za a yi koko. Ƙaramin kason, wanda aka haɗa da garin tsiro, a ajiye shi ɗanye. A nan gwanintar take. Mai kunu takan jira zafin ya faɗa, ta sa yatsa ko bayan hannu a jikin robar, sai ta ji ya kai yadda take so ta juye ɗanyen a ciki. Kana tsaye kana kallo, abin da muciya ke tsayawa a cikinsa zai fara saki, ya tsinke, ya koma ruwa. Ka ɗanɗana ka ji zaƙi, alhali ba a sa ko ƙwayar sukari ba.

Abin da ya faru shi ne, lokacin da ƙwaya ke tsirowa takan samar da wasu sinadarai da ke narka sitaci su mai da shi sukari, don ɗan tsiron ya samu abinci. Su ne suka afka wa dafaffen ƙullun. Idan zafin ya yi yawa sai su mutu, kunun ya ƙi tsinkewa. Idan ya yi sanyi sai su yi nawa, tsami ya riga zaƙi. A manyan masana'antu injiniya ke tsaye da na'ura yana tsare zafin tsakanin 60 da 70. A Sakkwato yatsar Inna ce na'urar, kuma ba kasafai take kuskure ba. Daga nan a rufe ya kwana, ƙwayoyin da ke sa nono tsami su ba shi ɗan gardi, da asuba a tace da kyalle ko rariya, a ɗura a robobi.

Inda hanya ta rabu

Daidai wannan gaɓa, da ruwan zaƙi a tukunya, mai kunu da mai burkutu suke rabuwa. Mai kunu takan tace da asuba ta sayar a ranar. Mai burkutu takan sake dafa nata na sa'o'i, ta bar shi ya huce, ta zuba masa ragowar tsohon haɗi mai ɗauke da yis, ta bar shi kamar kwana biyu yana kumfa. Yis ɗin ke cinye sukarin ya fitar da iska da sinadarin da ke sa maye, wanda a burkutu yakan kai kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Hatsi ɗaya, tsiro ɗaya. Lokaci da niyya ne suka bambanta su.

Malamanmu sun san wannan iyaka tun kafin a ƙera madubin ganin ƙwayoyin halitta. A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato akwai bayanin jiƙon dabino da zabibi: halal ne muddin bai yi ƙarfi ba, idan ya fara tafasa da kansa ya kai ga bugarwa ya haramta, kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Hadisai sun nuna ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan abin sha, kuma ba a barin sa ya wuce kwana uku. Hukuncin bai rataya ga sunan abin sha ko irin hatsin ba, ya rataya ga maye.

Mai kunu tana aiki da wannan hukunci kullum ko da ba ta taɓa buɗe littafin fiƙihu irin Risala ba. A zafin Sakkwato, robar kunun da aka ɗura da safe, idan ba ƙanƙara, kafin la'asar ta fara kumbura. Ka murɗa murfin ka ji ta yi tsaki, ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa. Mai tsoron Allah ba ta sayar da wannan. Za ta ce ya tashi, ta zuba wa awaki ko ta zubar, ta ɗauki asarar. Ni a wurina wannan asara da mata marasa jari ke ɗauka a ɓoye, ba hukumar da ke tsaye a kansu, ta cancanci a ambace ta a duk inda ake maganar amana a kasuwanci.

Ba daidai ba ne a ce ƙasar Hausa ba ta san giya ba. Ta san ta sarai. Kafin jihadin 1804, da ma bayansa a wuraren da Musulunci bai game ba, giyar dawa na cikin sha'anin noma da biki da bauta. Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, waɗanda masani Joseph Greenberg ya yi nazari a kansu ya wallafa a 1946, da giya suke sallamar 'yan gayya, da ita suke karɓar baƙi a bukukuwa. Haka Aznan ƙasar Maradi da Arawan Dogon Dutsi a Nijar. A ƙasar Zuru ta Jihar Kabi, burkutu na nan har yau a wurin waɗanda addininsu bai hana su ba, musamman lokacin bikin Uhola. Jihadin Shehu ne ya fitar da giya daga fada da kasuwar birni, ya mai da ita abin ƙauye da bayan gari.

Turawan mulki da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 sun tarar da wannan tsari, kuma ya yi daidai da lissafinsu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta riga ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, don haka Gwamna Lugga ya sa Arewa cikin yankin hani. Dokar barasa ta 1917 ta raba Nijeriya gida uku: inda aka hana, inda aka taƙaita, da inda ake ba da lasisi. Daga nan giya a garuruwan Arewa ta zama abin kulob ɗin Turawa, bariki da sabon gari. Da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, Sakkwato ta bi sahu a 2000 zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, sai da'irar ta ƙara tsukewa, ta koma galibi harabar barikin soja da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Kasuwannin mami na bariki, waɗanda yau ake danganta su da giya, asalinsu ma ba giya ba ne: Mammy Ochefu, matar wani soja ɗan Idoma, ta fara sayar da enyi, wani abin sha na hatsi ɗan'uwan kunu, a barikin Inugu a 1959, sunanta ya bi kasuwar.

Shekarar da dawa ta shiga kwalba

Masana'antun giya na zamani sun tsaya nesa da Sakkwato. Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshen Kaduna a Kakuri a 1963. Guinness ya gina masana'antarsa a Ikeja a 1962, ta farko da ya yi a wajen Ailan da Birtaniya. Jos da Makurɗi su ma sun samu nasu daga baya. A lokacin, dukansu da tsiron sha'ir na Turai suke aiki, ana sauke shi a tashar jiragen ruwa da kuɗin waje.

A farkon 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, cikin matsin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanonin suka shiga ruɗani, sannan suka juyo ga abin da ke ƙasa: dawa da masara. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da wani irin gajeriyar kaura mai lamba SK5912, wanda aka gano yana yin tsiro mai kyau, sai ya zama abin nema. Injiniyoyi suka sha wahalar koyon halin dawa, don sitacinta na buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya dahu, zafin da zai kashe sinadaran tsiron. Maganin da suka dace da shi, wato a ware ruwan tsiron gefe, a dafa sitacin daban, a bari ya huce a sake haɗa su, shi ne dai raba ƙullu biyu da matan Hausa ke yi tun kaka da kakanni.

An ɗage hanin daga baya, amma dawa ta riga ta samu gindin zama. A 2008 Nigerian Breweries ya buɗe katafariyar masana'antar tsiron dawa a Aba, a 2011 ya mallaki wata a Kudenda ta Kaduna. Kuma ba giya kaɗai ake yi da tsiron ba. Maltina da ta fito a 1976, Malta Guinness da ta biyo baya a 1990, da sauran lemukan malt da ba a bikin aure ko walima a Sakkwato sai da katan-katan ɗinsu, ruwan zaƙin nan ne na tsiro, aka tsayar da shi kafin yis ya taɓa shi, aka dafa, aka rufe. Milo da yara ke sha da safe shi ma akwai tsiron dawa a cikinsa, wanda Nestlé ke sarrafawa a Agbara ta Jihar Ogun.

A nan ne abin yake ci mini rai. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi noma dawa a duniya, tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, kusan duka daga Arewa. Manomin Tureta ko Talatar Mafara ya yi huɗa, ya yi noma, ya kori tsuntsu, a shekarun nan ma ya sa ransa a hannu saboda 'yan bindiga kafin ya kai ga girbi. Da kaka ya sayar a farashin da bai fi ƙarfin bashinsa ba. Dillali ya tara, tirela ta kwasa ta bi ta Dawanau ko Funtuwa ta yi kudu. Bayan wata biyu dawar ta dawo Sakkwato a cikin gwangwani, a kan kuɗin da zai sayi mudu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Akwai ma manoman da zuciyarsu ba ta kwanta ba, don ba su san ko buhunsu lemo zai zama ko giya, kuma da zarar ya hau mota ba su da ta cewa. Da a ce akwai masana'antar tsiro da lemon hatsi a kusa, wadda kowa ya san abin da take yi, da an raba su da wannan damuwa, an kuma bar ribar a gida. Garin da ke da kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960 bai kamata a ce tukunyar dafa ruwan dawa ta gagare shi ba.

Fura ba ta shiga wannan lissafi na tsiro, amma zagayen abin sha a Sakkwato bai cika ba sai da ita. Basakkwace da hurarsa ba a shiga tsakani. A surfa gero, a daka da citta da kanumfari da barkono, a cura dawo, a jefa a tafasasshen ruwa, a kirɓa a turmi, a sake curawa a bi da gari. Tsamin daga nono yake zuwa, shi ma aikin ƙwayoyin halitta ne da Bafulatana ke renonsu daga ƙwarya zuwa ƙwarya, tana barin ɗan na jiya ya kama na yau. A Kano da Kaduna da Abuja tuni wasu suka sa fura da nono a roba mai hatimi da lambar NAFDAC, suna sayarwa a manyan kantuna. A Sakkwato ma ana samun masu dama ta da na'ura a shaguna masu firij, sai dai yawancinsu ƙananan jari ne da ke rayuwa a kan janareto.

Gaskiya ɗaya kuma dole a faɗe ta ko da ba ta da daɗi. Tsafta na ja wa sana'ar nan baya. Robobin da ake ɗura kunu da zoɓo yawanci tsintattu ne, ba a san bakin da ya sha su ba, wankin ruwan sanyi kuma bai wadatar ba. Ƙanƙarar da ake jefawa a ciki ba kowa ya san ruwan da aka yi ta da shi ba, a garin da amai da gudawa ke leƙowa da damina. Ban ɗora laifin a kan matan ba. Wadda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ta sayi itace, ta biya markaɗe, ribarta ba ta kai ta sayi sabuwar roba ba. Abin da take buƙata sanannu ne: ruwa mai kyau, wurin sanyaya kaya, da robar da ba a taɓa amfani da ita ba a farashin sari.

Kuma ba sai an je nesa neman masu iya wannan ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana ƙera na'urorin busar da kaya da dafa ruwa da hasken rana, tana da sassan nazarin ƙwayoyin halitta da aikin gona inda ɗalibai ke rubuta kundin digiri a kan kunun zaƙi da fura. Akwatin busar da tsiro zai raba shi da ƙura da kaji. Firij ɗaya mai aiki da rana, na ƙungiyar mata goma a unguwa, zai hana kunun safe tashi kafin la'asar. Ɗan dafa kunun bayan an rufe robar, yadda ake yi wa madara, zai ƙara masa kwanaki. Ɗalibin da zai yi wannan aiki sai ya fara da ajiye takardarsa ya zauna a gaban mai sana'ar, ya gaishe ta, ya ce, "Inna, nuna mani yadda kika gane zahin ya yi." Ita za ta kama hannunsa ta ɗora a jikin robar, shi kuma ya tsoma ma'auninsa ya rubuta lambar, don wadda za ta gaje ta ta samu duka biyun.